Sannu-Sannu da Dodon Bene na Ƙarshe

Mijin yayata mai walda ne. Sannu-Sannu ake ce masa a layinmu, don ƙofar da wani zai haɗa a yini, shi sai ya kwana biyu yana juya ta. Amma ban taɓa ganin ƙofarsa ta dawo gyara ba. Ni talabijin nake gyarawa, shagona na kallon nasa. Na gaji da masu aiki da baki, shi ya sa tamu ta zo ɗaya: maganarsa ta yini ba ta cika cokali.

Abu ɗaya gare shi a duniya da bai shafi ƙarfe ba. Tun yana saurayi wani maƙwabci da zai tashi ya bar masa tsohuwar na'urar gem da faifai guda. Gem ɗin na wani mai takobi ne da ke hawa doguwar hasumiya, kowane bene da dodonsa. Sannu-Sannu ba ya jin yaren da ake yi a ciki, bai san abin da ya kai mutumin can ba, kuma abin da yake so ya gani ke nan. Ranar hutu kawai yake bugawa, da yamma, bayan ya yi wanka. 'Ya'yansa suka taso suka same shi a kai, suka buga, suka gaji, suka koma waya, wasu har suka yi aure. Shi yana nan yana hawa.

Ya kai bene na ƙarshe, ya ajiye wasan a bakin ƙofar babban dodo, sai tsohuwar talabijin ɗinsu mai doro ta mutu. Na buɗe bayanta na ga kwalbar hoton ce ta ƙone, irinta kuwa an daina yi. Na ce masa ya yi haƙuri, ta yi tsawon rai. Babbar 'yarsa ta sayo masa sabuwa, shafaffiya, irin ta bango. Yaya ta fi kowa murna, ta samu teburin da tsohuwar ke kai.

Ba a jima ba Yaya ta leƙo shagona ta ce in zo in ga mijinta, ya fara walda a falo. Na same shi zaune gaban talabijin sanye da baƙin tabarau na aikinsa, hannun gem a cinya. Ya ce hoton na rawa, yana sa masa hawaye. Na duba. Duk abin da ya motsa a gilashin, gefensa sai ya yi haƙora kamar matsefi.

"Wannan da sauƙi," in ji shi. "Ina danna tsalle, sai an binne mai takobin yake tsallen."

Na san cutar. Tsohuwar na'ura rabi-rabi take aiko hoto, ta zana layi ta tsallake layi, sannan ta dawo ta cike gurbin. Mai doro don haka aka yi ta, ido ba ya kamawa. Ta bango kuwa sai ta tsaya ta ɗinke rabin biyu kafin ta nuna, ɗinkin bai yi kyau ba, ga ɓata lokaci. Maganin shi ne a tilasta wa na'urar ta riƙa aiko hoto cikakke a tashi ɗaya. Na nemo waya mai kai biyar, na sa wata 'yar manhaja a katin ajiyarsa. Na faɗa masa gaskiya cewa wannan tilas ce ba roƙo ba: wani gem yakan karɓa, wani sai ya yi gardama a inda ba a zata. Ya ce ƙarfe ma haka yake.

Hoto ya fito tas. Ya cire tabarau. A ranar ya gano ashe mai takobin nan da suka tsufa tare yana da gashin baki.

Hutun da ya biyo ina wurin. Dodon ya kashe shi, ya sake kashe shi, sannan can rana ta yi sanyi Sannu-Sannu ya soke shi a ƙirji, ya zube. Ƙofa ta fara buɗewa. Sai gilashi ya yi baƙi ƙirin.

Kiɗa na tashi. Muna jin takun ƙafa, da iska, da wani abu mai amo. Ba ma ganin komai sai fuskokinmu. Yaya ta fito daga kicin tana tambaya ko wuta aka ɗauke, alhali fanka na juyawa a kanta. Mijinta ya saurari kiɗan har ya ƙare. Sannan ya juyo ya ce, "Injiniya." In ya kira ni Injiniya, to ba yabo ba ne.

Na yi masa bayani. Fim ɗin ƙarshe saƙarsa dabam ce da ta wasan, shi ne ya ƙi tilas. Ba a kuma sauyawa ana tsakiyar wasa, sai an kashe na'ura, in an kashe kuwa bakin ƙofar dodo za a koma. Wato ko ya ci dodo a hoto mai kyau ya saurari ƙarshe kamar rediyo, ko ya ci shi a hoto mai haƙora da jinkiri ya gani da idonsa.

'Yarsa ta ce ai ba abin wahala ba ne, duk irin waɗannan suna intanet. Nan take ta nemo, ta miƙa masa waya. Ya karɓa ya kife ta a kan teburi.

"Wannan ƙarshen wani ne," ya ce. "Ƙanina, cire tilas ɗin."

Na cire. Tabarau ya dawo. Tunda hoto na makara, sai ya koyi riga shi: ya yi tsalle kafin dodo ya ɗaga hannu, ya kai sara inda babu kowa tukuna. Abin har ya bi jikinsa. Yaya ta ce yanzu kafin ta buɗe baki ta yi faɗa ya riga ya ba da haƙuri, ita kuma ba ta son a hana ta faɗanta. Ta sha cewa za ta ba masu gwangwan na'urar, amma ni na ga tana goge mata ƙura.

Aka kwashe watanni. Wata yamma ina ɗaure wayar fankarsu, na ji Yaya ta yi shiru a tsakiyar magana. Na sauko daga kujera. Dodo na ƙasa. Ƙofa ta buɗe, wannan karon da hoto, yana rawa amma ana gani. Mai takobi ya taka 'yan matakai, ya fita saman hasumiya, ya tarar da wata ƙatuwar ƙararrawa. Ya buga ta sau ɗaya. Ya ajiye takobi ya zauna yana kallon gari. Shi ke nan.

"Ƙararrawa?" in ji Yaya. "Baban yara, duk shekarun nan? Da ka faɗa ai da na sayo maka ta keke."

Sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suka fara wucewa. Yaya ta kai hannu za ta sauya tasha, ya ce ta bari su gama, su suka yi aikin. Ya tsaya a tsaye har na ƙarshe ya wuce, ko ɗaya bai iya karantawa ba.

Da ya rako ni bakin ƙofa na tambaye shi ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

"Na gani dai," ya ce. "Amma wanda ya rataya ƙararrawar nan bai iya walda ba. Ba za ta kai baɗi ba."