Jiƙaƙƙen Gicciyen Abnub

Abnub mutumin Giza ne, mai hawan dabino, kuma ban taɓa ganin tafin hannunsa babu tsaga ba. A ƙofar fadar Halifa na san shi, a Alƙahira, zamanin da nake tsayuwa can da waƙoƙin yabo ina jiran a kira ni. Waƙoƙin duk na manta su. Shi ne ban manta ba.

Kwana arba'in kafin Lahadin Dabino, bikinsu na Kiristoci, yakan hau itatuwansa ya ɗaure zuciyar kowanne da igiya, don kada rana ta taɓa sabon ganye. Ranar da ya kwance, sai ganyen ya fito fari da ɗan rawaya, kamar madarar da aka ɗiga wa zuma. Da shi yake saƙa gicciye da zobba da 'yan jakuna na wasan yara.

A lokacin fada tana girmama bukukuwan Kiristoci. Akan aika wa magatakarda da likitoci kifi da tufafi, a kuma karɓi ganye a ƙofar mata domin Kiristocin da ke aiki ciki, waɗanda ba sa fita. Cikinsu akwai yayarsa Tekla. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, daga baya aka ɗauke ta renon 'ya'yan sarauta. Shekara talatin da ɗaya bai ƙara ganin fuskarta ba.

Masu ganye da sassafe suke zuwa. Abnub kaɗai sai bayan azahar, yana haki, da gicciye guda naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Dalilinsa kuwa shi ne, a makon da ke biye, makon tuna wahalar Almasihu, Kibɗawa, Kiristocin Masar, ba sa yi wa kowa addu'ar jana'iza. Don haka ranar Lahadin, bayan an gama ibada, firist yakan yi addu'ar a kan masu rai duka, ya yayyafa musu ruwa, wanda ajali ya riska a makon ya riga ya sami rabonsa. Tekla ba ta da halin zuwa. Sai ƙanenta ya tsaya har ƙarshe, ya tara ruwan da ƙyalle, ya taho daga majami'ar tsohon garin Fusɗaɗ da sassarfa kafin ya bushe, ita kuma ta shafa a fuska. Bai taɓa faɗa wa kowa a fada ba, domin ba a shigar da abin da ya shafi mutuwa sashen da jariran sarauta suke.

Mai tsaron ƙofar, Raihan, Musulmi ne mai ƙiba da son tsokana.

"Ga sarkin makara! Kai Banasare, kowa ya kawo ganye, kai wanki ka kawo?"

"Karɓi dai, Yallaɓai. Kada ka matse."

"Shekara nawa kana jiƙa mini hannun riga? A cikin kogi kake saƙar ne?"

"Rigar taka ma ta gode, ta ga ruwa sau ɗaya a shekara."

Sai su yi dariya, Raihan ya shige da gicciyen.

Shekarar da nake ba da labari, Abnub ya ji cewa Tekla tana kwance kwana tara. Ya yi gudun da gwiwoyinsa suka daina iyawa, ya faɗi a kasuwar masu tukwane. Ya iso leɓensa a fashe, gicciyen ya karye a hannu ɗaya, ƙyallen duk laka, amma da sauran danshi. Ran nan Raihan bai yi tsokana ba. Ya karɓa ya shiga.

Ranar Laraba ta rasu. Aka fito da ita ta ƙaramar ƙofa, aka binne ba addu'ar jana'iza, kamar yadda makon ya hukunta. Na ga Abnub a bakin kabari yana kuka, amma kukan mutumin da ya sauke nauyi ne. "Ruwan ya kai," ya ce da matarsa. "Da ƙyar, amma ya kai."

Bayan idin Kiristoci Raihan ya haye kogi zuwa ta'aziyya, ni na raka shi. Muka zauna ƙarƙashin dabino, aka kawo gurasa da dafaffen ƙwai.

"Abu ɗaya ke sanyaya mini rai," in ji Raihan. "Inna Tekla ta rene ni tun ina sabon zuwa fada, kuma na yi mata gata a ƙarshe. Naka ɗin nan, ɗan'uwa, ba abin kai wa marar lafiya ba ne. Na je na durƙusa wa wakilin gida, ya ba ni wanda aka saƙa don zauren uwargidan Halifa, mai zaren zinariya. Shi na kai mata."

Abnub ya ajiye gurasar.

"Ta yi ta juya shi, tana kai shi kunci, tana sake shafawa. Ta ce, 'Ƙanena ya zo kuwa?' Na ce ya zo, Inna, shi ya aiko. Ta sake tambaya har sau uku."

"Busasshe ne?"

"Ƙarau! Ko ɗigo babu. Bana dai na fitar da kai kunya." Ya sa hannu a aljihu ya fito da karyayyen gicciyen, lakar ta bushe a jikinsa. "Ga naka, na adana maka."

Iska tana kaɗa ganye a samanmu. Abnub ya daɗe yana kallon abin da ke tafinsa, sannan ya ɗago.

"Allah ya saka maka da alheri, Yallaɓai. Ka kyauta mata."

Raihan ya mutu bai sani ba. Ni ma sai bayan mutuwarsa Abnub ya buɗe mini, muna tsofaffi.

Abnub ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya bayan Tekla. Hawan dabino ya gagare shi, amma kowace Lahadin Dabino yana tsayawa har ƙarshen addu'a, ya tara ruwa da ƙyalle, ya dogara sanda zuwa maƙabarta ya matse shi a kan ƙasar Tekla. Firist ɗinsu ya taɓa tare shi a hanya.

"Ɗana, ka huta. Rahamar Ubangiji ba a ƙyalle take ba."

"Na sani, Ubanmu," in ji Abnub. "Amma sau uku ta tambaya."

Ya wuce da sauri, don rana ta yi zafi kuma ƙyallen ya fara shan iska.