Katakon Bayan Masallaci

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Agege, can gefen layin dogo, ya san Jumare mai gyaran keke. Gajere ne mai gwame, a da ga surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Yanzu kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ji bakinsa.

Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya zo, shekarar da sojoji suka miƙa mulki. A gida shi ne gwanin wasan keke ranar salla: ya saki hannu, ya miƙe kan sirdi, ya ɗaga ƙafar gaba har mata su rangaɗa guɗa. A Legas babu mai kallon keke, baburan okada sun cinye gari. Malam Harouna, wani dattijo mutumin Nijar mai sayar da goro, shi ya ba shi gefen rumfarsa ya ajiye famfo da kayan faci. Kuma dattijon ba ya taɓa tuwon da matarsa Rahamatu ta aiko sai ya ce, "Taso, ɗana."

Ran nan masu ɗaukar fim ɗin kaset suka zo neman wanda zai gangaro daga tudun layin dogo a keke ya tsallake babban lambatu. Jumare ya ji kansa ya kumbura. Kwana biyu yana fama: ya share gangaren, ya cika buhuna da ƙasa ya jera, saura katakon da keke zai taka ya tashi sama. Duk katakon da ya gwada sai ya tsage. Sai ya tuna wani dogo mai faɗi, sumul da shi, jingine a lungun bayan masallaci.

A ƙauyensu in an yi rasuwa, ƙyauren ɗaki ake cirewa a wanke gawa a kai. Ina zai san cewa a nan, inda kowa ɗakin haya yake, katako ɗaya unguwa ta tanada don wannan aikin? Da ya tambaya, da ya sani. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauka, ya kafa shi da ƙusa shida.

Ranar ɗaukar fim ya fita da sassafe, ko leƙa Malam Harouna bai yi ba, alhali kwana uku ke nan tsohon yana kwance. Ya tsallake lambatun sau ɗaya, sau biyu, jama'a na tafi, ogan fim na ihu, "Aboki, ƙara ɗaya!" Yana tura keken zai koma tudu sai ga Ɗanliti ladan tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Ba Jumare yake kallo ba, katakon yake kallo.

"Malam Harouna ya cika tun hantsi," in ji ladan, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gida-gida muka bi muna neman katakon wanka."

Jumare ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya zare ƙusoshin, ya ɗora katakon a ka, ya ratsa layin nan kowa na matsa masa hanya, ga baƙin sawun taya kwance a tsakiya ɓaro-ɓaro. Ya dirje shi da soso da sabulu. Sawun ya fita, ramukan ƙusa suka tsaya. Jana'izar da aka sa bayan azahar sai da ta kai la'asar.

Babu wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi masa ciwo. Sai ranar uku ya iya zuwa gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a sunkuye.

"Jumare ne?" in ji Rahamatu daga bayan labule. "Da safen ranar da ya cika ya yi ta tambayarka. Na ce kana wurin masu fim. Sai ya ce, Allah ya sa yaron nan ya tsallake lafiya. Bai ƙara magana ba."

An ce kaset ɗin ya fito, har an nuna shi a gidan kallo. Jumare bai taɓa gani ba. Keken ma yana rataye a rumfa, tayoyinsa sun sace. Katakon kuwa a hannunsa yake yanzu, shi ya roƙi liman ya bar masa ajiyarsa. Da an ji sanarwar rasuwa za ka gan shi ɗauke da shi a ka, kafin a aiko.