Rigar da Curt Zastrow Ya Ce Tasa Ce

Ranar Talata, takwas ga Oktoba, da hantsi, Curt Zastrow, mijin yayata Rhonda, ya yanke jiki ya faɗi yana faskare a bayan gidansa, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa hamsin da biyu. Na rubuta hakan a littafin da nake ajiye al'amuran kowace rana, na ja layi a ƙasa, na yi kwana huɗu ban ƙara ko kalma ba.

Curt, an faɗi alherinka a coci, kuma ba a yi ƙari ba. Kai ne mai kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gwauruwa Lindahl kafin ka kwashe taka. Duk barewar da ka harbo, rabin naman na gidajen da ba su da mai shiga daji ne. Sau biyu kana jawo motata daga rami, ba ka taɓa ba da labarin ba. Abin da ya rage mini in faɗa ba mai daɗi ba ne. Shekara takwas na yi ina kishinka a kan riga ɗaya.

Tun muna yara, rigar ruwan lemo mai ƙyalli muka san ana sawa a farauta, don kada wani ya ɗauke ka barewa ya sakar maka harsashi. Shekarar da jiharmu ta Wisconsin ta yarda a sa ruwan hoda ma, na rataye ƙyalle biyu a bishiya, na ja baya taki ɗari, na duba da safe, na duba da yamma. A cikin ganyen da ya koma ja da rawaya, ruwan hodar ya fi shigar mini ido. Ko idona ne kawai, ban sani ba. Na je garin da ba a san ni ba na sayo rigar, na cusa ta ƙarƙashin kujerar a-kori-kurata.

Washegarin isarmu bukkar farautar Baba, Kawu Vern ya je ɗauko igiya a motata, ya dawo yana kaɗa ta a kan sanda.

"Jama'a, wace baiwar Allah ce ta kwana a nan ba mu sani ba? Neil, ko in koma in ɗauko maka jan-bakin ma?"

Baba ya ajiye kofinsa ya dube ni. Tun tasowata yabonsa nake nema ban samu ba, ga shi zan rasa ɗan mutuncin da ya rage. Sai ka miƙe.

"Kawo nan, tsoho, tawa ce. Da irin idon nan naka, gara in sa abin da ko makaho zai hango."

Ka saka ta, ka juya a gabansu, ka ɗauki bindigarka ka fita. Kwana uku suna dariya, kana taya su, har suka gaji.

Ya kamata in gode maka. Amma a Nuwamban da ya biyo, muna cin abinci, Baba ya nuna ka da cokali ya ce, "Namiji ke nan. Bakin kowa bai dame shi ba." Na rubuta maganar da kwanan watanta, na sha komawa ina karantawa. Daga baya, wata safiya mai hazo, wani maharbi daga gonar maƙwabta ya zo ya ce har ya ɗaga bindiga zai harbe ka, ya zaci barewa ce, sai ya hango ruwan hodar rigarka. Labari ya bazu, maza suka fara saye, suna kiransa launin Curt. Ni na auna, ni na sayo, ni kuma na ci gaba da sa ruwan lemo ina kallo ana dafa kafaɗarka.

Sau ɗaya na yi maka maganar, muna mota mu biyu. Na ce, "Ka dai san tawa ce." Ka cire ta nan take ka ɗora mini a cinya. "To, ƙanina, ga abarka, gobe ka sa." Na ce ba gobe ba tukuna.

Ranar jana'iza Rhonda ta roƙi maza su sa hular ruwan hoda. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Kawu Vern na cikinsu, yana kuka kamar yaro. A bakin maƙabarta na tsayar da Baba, na ce, "Baba, rigar nan ta Curt, ni na saye ta. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Bai ko yi mamaki ba. "Na sani tun ranar. Ina tumbin Curt ina wannan riga? Sai da yayarka ta ƙara mata ƙyalle a gefe."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Shi ya hana ni. Ya ce in ƙyale ka, wata rana da bakinka za ka faɗa." Ya riƙe hannuna har mota, abin da bai taɓa yi ba.

Ka ga, Curt, har wannan ma kai ka shirya mini. Na duba zuciyata yau da safe, kishin bai gama fita ba. Yanzu haƙurinka nake kishi, kuma ba ka nan balle in nemi gafararka.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ni kuma ya wanke mini zuciya. Yaya Rhonda, da 'ya'yanku Kelsey da Brynn, da mahaifiyarka Arlene, da duk mutanen bukkarmu, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Amin.

Neil Brekke