Aron Ƙwarangwal

Shekarar da aka tura ni wata sakandare a Turaki, cikin Jalingo, ni kaɗai ne malamin kimiyya. Bayoloji na karanta, amma shugaban makarantar ya haɗa mini da kemistiri da fizis, ya ce ai duk dangin juna ne. Ɗakin gwajinmu yana da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. A ciki akwai tebura da famfon da ba ruwa.

Da muka zo darasin ƙasusuwa na zana mutum a allo, yara suka ce akuya ce. Wani abokin aiki ya ce akwai wata malama a unguwar Sarkin Dawaki mai ƙwarangwal na roba, sai na je.

Dattijuwa ce 'yar ƙabilar Mumuye, ta kusa ritaya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Zan ba ka aro. Kai kana da mene?"

Na ce, "Mama, tebura."

"Ka iya haɗa batir da ƙwan fitila?"

Na ce na iya.

"To Asabar ka zo ka nuna mini. Na daɗe ina gaya wa yara wuta yana bin waya, ni ban taɓa gwadawa ba."

Ƙwarangwal ɗin hannu ɗaya gare shi. Na rungumo shi na fito bakin titi neman keke napep. Mai keke na farko ya dube mu ya wuce. Na biyu ya tsaya, ya tambaya ko ɗan'uwana ne. Na ce na makaranta ne. Ya ce Allah ya jiƙansa, mu shiga. Na zaunar da shi gefena, na tallafe masa kai saboda ramuka.

Ranar Asabar na tarar Mama ta gayyato wasu malamai biyu, ɗaya daga Kachalla Sembe, ɗaya Bafulatani da ya taho a babur daga Lau. Na Kachalla Sembe ya ce tunda mun taru, a fara zaɓen shugaba, a fitar da anko. Mama ta ce a bari fitila ta kama tukuna. Na haɗa, ba ta kama ba, don batir ɗina ya mutu. Malamin Lau ya tashi ya kwance na babur ɗinsa, muka sa ƙwan sigina, ya kama. Mama ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe gaskiya nake faɗa musu."

Daga nan muka riƙa haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata. Malamai suka fara zuwa daga Zing, daga baya har Bali. Kowa ya zo da abin da makarantarsa ke da shi, da kuma darasin da yake tsallakewa in ya zo kansa. Wannan na biyun ya fi yawa. Har Mama ta yi ritaya ta koma noman doya ba a zaɓi shugaba ba.

A taronmu na watan jiya wata sabuwar malama daga Bali ta bari sai kusan tashi, sannan ta ce makarantarsu ba sinadarin gane asid, jarrabawa kuma ta matso. Malamin Lau ya leƙa bakin get ya sayo zoɓo. Muka ɗiga masa lemon tsami ya ƙara ja, muka sa kanwa ya koma kore-kore. Ta gwada da hannunta sau biyu, ta ce a ƙauyensu zoɓo kam akwai. Sauran muka raba muka sha.