Hutun Ña Delfina a Iguazú

A garin Coronel Bogado babu direban bas ɗin da bai san Ña Delfina Ocampos, wato Uwargida Delfina, ba. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana sayar da chipa, gurasar nan ta garin rogo da cuku. Mota na tsayawa za ta haye da kwandonta lulluɓe da farin ƙyalle, ta bi kujeru ɗaya bayan ɗaya, ta sauka a mararraba, ta tari wata motar ta dawo. Mijinta Don Crispín magini ne, mai sanyin baki, shi ya gina mata tanda a bayan gida. Da wannan kwandon suka raini 'ya'ya huɗu.

Duk shekarun nan tana ciyar da matafiya masu zuwa kallon magangarar ruwan Iguazú, amma ita ba ta taɓa zuwa ba. Da ta cika sittin, sai 'yarta Zunilda, ma'aikaciyar jinya a babban birni Asunción, ta kama musu ɗaki na kwana uku a wani babban otal da ke bakin dajin da magangarar take. Ña Delfina ta ɗinka sabuwar riga, ta bi maƙwabta gida-gida tana sallama.

Tun daga ƙofar ɗakin murna ta fara raguwa. An ce musu tagar ɗakin tana kallon ruwan magangarar. Da ta yaye labule, tankin ruwa ta gani da injin wuta yana tari. Famfon wanka ya yi gurnani ya tofo tsatsa. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ɗiga take yi daidai kan matashin Don Crispín.

"Tsohuwa, ai ba su yi ƙarya ba," in ji shi. "Ga ruwa nan yana zubowa daga sama."

"Tsoho, kar ka sa ni dariya, raina a ɓace yake!"

Ta sauka wurin mai karɓar baƙi. Matar ta yi murmushi ta ce idan aka kashe injin, aka kasa kunne sosai, ana jin ƙarar ruwan daga nesa. Ña Delfina ta tambayi yaushe ake kashe shi. Ba a kashewa. Ta nemi ruwan sha, da ta ji farashin gora ɗaya sai ta ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Duk wannan ta shanye shi. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne karin kumallo. Aka kawo chipa a faranti mai zanen zinariya, ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a tebur, ta ji ƙwas! Ta miƙe da farantin, ta wuce ma'aikata, ta tura ƙofar kicin.

"Wa ya aikata wannan?"

Mai girkin, wata kakkaurar mata mai suna Griselda, ta goge hannu a jikin rigar aikinta ta sunkuyar da kai.

"Uwargida, ba ni ba ce. A daskare ake kawo su cikin leda, ni ɗumamawa kawai nake yi. Ko ni ba na ci."

"Kina da garin rogo?"

"Akwai."

"Cuku da ƙwai fa? To matsa min, 'yar'uwa."

Ta naɗe hannun sabuwar rigarta ta hau kwaɓi. Griselda na fasa ƙwai, suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Kafin a jima ƙamshi ya cika falon cin abinci, baƙi suka bar kujerunsu suka yi layi a ƙofar kicin, har da wani Bajamushe mai roƙo da hannu don ba ya jin yaren kowa. Manaja ya shigo a fusace yana tambayar wa ya ba baƙuwa izinin taɓa tanda. Ña Delfina ta danƙa masa mai zafi ɗaya. Ya ci, ya ƙara ta biyu, sannan ya tambaye ta ko za ta karɓi aiki.

"Ranka ya daɗe, hutu na zo yi. Kai dai je ka gyara famfonka."

A wannan hirar ta gano Griselda ta shekara goma sha biyu a otal ɗin, amma rabonta da ganin magangarar tun tana 'yar makaranta. Washegari ranar hutunta ce, sai ta gayyace su gidanta. Ña Delfina da mijinta suka haɗa jakarsu, suka bar wa otal ɗakinsa, suka koma gidan Griselda mai rufin kwano da bishiyar mangwaro a tsakar gida.

Su uku suka tafi. Suka shiga ƙaramin jirgin ƙasa cikin daji, suka bi doguwar gadar ƙarfe a kan kogi. Wata dabba mai dogon hanci ta fizge wa Don Crispín burodinsa, ya cire hula ya yi mata fatan alheri. Ƙara tana ta ƙaruwa har magana ta daina jiyuwa. Da suka isa bakin ramin da kogin gaba ɗaya yake afkawa ciki, feshin ruwa ya jiƙa su sharkaf. Ña Delfina ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, ta buɗe baki ta yi ihu iya ƙarfinta, tana dariya hawaye na zuba. Griselda ta rungume ta. Don Crispín ya faɗi wata magana, ba wanda ya ji, shi ma bai maimaita ba.

Zunilda ta ji haushin yadda otal ya yi musu, ta so ta rubuta takardar ƙorafi. Uwar ta ce ta rubuta, amma ta yabi mai girki.

Yanzu gwiwoyin Ña Delfina sun hana ta hawa bas. A ƙofar gida take ciniki. Griselda ta bar otal ɗin bayan shekara biyu, ta gyara ɗakuna uku a gidanta tana saukar da baƙi, Don Crispín ya je ya gina mata tanda. Duk watan Disamba takan zo Coronel Bogado da kwalbar zuma, su zauna a inuwa suna zagayawa da kofin shayin ganye mai ƙanƙara. Bara suka fara shawarar zuwa ganin teku, don a cikinsu babu wadda ta taɓa gani. Sun riga sun sayi hulunan rana.