Ta Allah Ce, Ranka Ya Daɗe

Kwanan baya ina kan babur zan tafi ofis, sai na ci karo da wani mutum yana kora jakuna ɗauke da mangala cike da taki, za shi gona. Da warin ya bugi hancina, sai na gan ni a bayan garinmu, can tsakanin Dutse da Kiyawa, ina ƙaramin yaro da bazara, ina biye da kakana.

Haka ake yi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A kwashe kashin awaki da tokar murhu, a ɗora wa jaki, a je a zuba tsibi-tsibi a gona. Kakana ya tsufa ƙwarai a lokacin, ba ya iya ɗaukar komai, amma ba a tafiya a bar shi. Yakan zauna gindin dabino ya miƙe ƙafa, yana jan carbi. Daga inda yake zama ana hango wata babbar gona mai ɗorawa, wadda ta miƙe har gindin dutse. Jerin gamba ne ya raba ta da tamu. Yakan gaisa da masu ita da fara'a, ya tambayi iyalinsu, amma ban taɓa ganin ya tsallaka gambar nan ba, ko da akuyarmu ce ta shiga. Sai dai ya aiki wani.

Kakata ce ta buɗe mini zancen wata rana tana surfe, shi kuma yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki.

"Angona, ka ga gonar nan mai ɗorawa? Taku ce. Kakanka ya yi kyauta da ita saboda ladabi."

"Ke dai yi surfenki," in ji shi.

Ba ta fasa ba. Ta ce a lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ita kuma tana amarya. Labari ya iso gari cewa masu taki suna tafe daga Kano. Wasu har suka fara gyara mangala, sun zaci taki za a raba. Ashe malamai ne masu auna gona da takun ƙafa, don a yanka wa kowa haraji gwargwadon girman gonarsa.

Kakana sabon magidanci ne a lokacin, mahaifinsa bai jima da rasuwa ba. Gonar mai ɗorawa kuwa saura ce, wato an bar ta ta huta, ciyawa da sabara sun rufe ta. Malamin taki ya iso bakinta tare da dagaci da ɗan aiken hakimi, ya nuna ta da sanda ya ce, wannan fa ta wa ce?

Mai karatu, a wurinmu yaro ba ya tsayawa gaban manya ya daki ƙirji ya ce abu nasa ne, balle ƙasa. Kakana ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ta Allah ce, mu aro muke ci." Duk wanda aka haifa a garin ya san abin da yake nufi. Malamin baƙo ne, ko kuwa sauri yake yi, ya ɗauke ta daji marar mai shi, ya wuce. Dagaci yana tsaye bai tanka ba. Bayan 'yan damunu aka ba wasu baƙi ita suka sare suka shuka. Da kakana ya kai kuka, sai aka ce ai shi da bakinsa ya faɗa, a gaban shaidu.

"Allah ka ce," in ji kakata, tana sauke taɓarya, "to ga shi nan ya ba wanda ya so."

Ya yi murmushi kawai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ya kamata in yi adalci a nan. Da na je jami'a na ji cewa a zamanin wasu sukan musanta saurarsu da gangan don gudun haraji. Mai yiwuwa akwai wannan a zuciyar kakana, ban sani ba, kuma ban tambaye shi ba har ya rasu. Haka ma shirun dagaci, wataƙila tsoro ne. Ba na so in ɗora wa mamaci abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne tsoho yana kallon 'ya'yan wasu suna kaɗar ɗorawar da mahaifinsa ya yi rainonta.

Yau ina aiki a sashen filaye na wata ƙaramar hukuma. An zo da shawarar sauya yadda ake tsara ƙasa, saboda gari yana ta faɗaɗa, aka ce ƙananan hukumomi su ba da ra'ayinsu. Mun zauna da kansiloli da dagatai. Kusan bakinmu ɗaya: gonakin gado ba su da takarda, iyakarsu gamba ce da shaidar maƙwabta, a duba wannan kafin a ja layi. Wani dagaci ya ce in dai an riga an yanke magana, a gaya musu su koma gida kafin rana ta yi zafi. Aka yi dariya. Muka aika da ra'ayin, har yanzu shiru. Ba na cewa gyaran ba shi da amfani. Gari yana bukatar tituna da magudanar ruwa, kuma mai yiwuwa ana nan ana nazarin abin da muka faɗa. Sai dai na ga taswirar tun kafin mu zauna, kuma bayan garinmu an riga an shafa masa launin gidaje. Ragowar gonar kakana tana ciki.

Baffana, autan kakana, shi yake riƙe da ita. Ya zo gidana ranar Juma'a bayan masallaci, ya ƙi zama a kujera, ya ce a shimfiɗa masa tabarma.

"Malam, an ce kana cikin masu zanen."

"A'a Baffa, mu ra'ayi kawai aka tambaye mu."

"To ra'ayin naku ya ci?"

Na shiga yi masa bayanin matakai, da cewa ba a kammala ba tukuna, da cewa akan biya diyya. Ya ɗaga mini hannu.

"Turancin ya isa haka. Hadari ya fara haɗuwa, yara suna jira na. Me zan ce su shuka, gero ko dawa?"

Na so in ce ya shuka abin da ransa yake so, kamar kowace shekara.

"Ku shuka gero, Baffa," na ce. "Dawa tana jimawa a gona."

Ya gyaɗa kai, ya laluba takalmansa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.