Zogalen da Gwaggo Ta Ƙarasa

Da yayata ta yi haihuwar fari a Bungudu, jini ya zuba da yawa. Ungozomar asibiti ta ce a dage mata da ganye da hanta, ganyen kuma kada a dafa shi har ya mutu. Na ɗauki hutu na taso daga Gusau. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta riga ni isowa daga Tsafe domin wankan jego, har ta kafa mulki a madafa.

Gwaggo ba ta dafa zogale, hukunta shi take yi. Za ta jefa kanwa, ta cika murhu da itace, ta bar tukunya tana ɓararraka har a yi azahar. Ta tsiyaye koren ruwan a kwata, ta ƙara sabo, ta sake tsiyayewa, sannan ta matse abin da ya saura kamar mai wankin tsumma. Wannan baƙin tsumman ake kwaɗawa da ƙuli a kai wa mai jego, ana cewa ta ci ta ƙara jini. Ni dai ban ga jinin ba, sai leɓen yayata da ke ta yin fari.

Abin haushin, a gidan akwai madambaci, tukunyar nan mai ɓula a gindi da ake turara dambu. Kowa ya san zogalen cikin dambu turara shi ake yi, kuma Gwaggo na cinsa har ta suɗe hannu. Sai na tsinko ganye, na turara shi, ya fito kore shar, da laushi, da ƙamshinsa. Na fita sayen ƙuli. Ina dawowa na tarar da shi cikin tukunya yana iyo.

"Na ƙarasa miki shi, ɗiyata," in ji Gwaggo. "Awaki ka cin ɗanyen haki. Mu haka munka taso, mi ya same mu?"

Na so in lissafa mata abin da ya same su, amma ba a yi wa gwaggo lissafi. Na koma turarawa a gidan maƙwabta, ina shigowa da shi ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata. Yayata ta ci kaɗan. Da Gwaggo ta gano, sai ta zauna bakin ƙofa tana share hawaye, wai an raina ta, gobe za ta koma Tsafe. Yayata ta riƙe hannuna ta ce in bari don Allah, ba ta da ƙarfin rabon faɗa. Na bari, raina yana ƙuna.

Kafin a yi arba'in yayata ta faɗi a wurin wanka. Muka kawo ta Gusau, aka ƙara mata jini, Allah ya tashi kafaɗarta. Ina tsaye da jaririya a kafaɗa na ji Gwaggo tana yi wa masu dubiya bayani.

"Ni dai sai da nac ce kada a ba ta ɗanyen ganye."

Suka jinjina kai, suka dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mahaukaci.

Bara matar ƙanenmu ta haihu, ita ma jini ya zuba. Aka aiko mini daga Tsafe cewa in zo barka, amma kada in wahalar da kaina da girki, akwai manya.